Lambar Ƙodar Malam

Unguwar Dosa, Kaduna
Ƙarshen Rajab

Rashida,

Assalamu alaikum. Ya jikin naki, ya nauyi? Ya Baban Hajara da yaran? Ki ce wa Habibu na ji labarin haƙorinsa da ya fita, ni ba na auren mai giɓi, ya nemi wata. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara, wuta kuma mu wuni ba mu ga ƙyallinta ba. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ni da wayar nan, da yatsa ɗaya nake dannawa kamar mai tsintar shinkafa, abin da ya zo bakina shi nake sawa.

Jikin Babanku da sauƙi. Yayanki Sagir ya zo daga Rigachikun ya kai shi wajen awon jini na nan bakin titi kamar yadda kika ce. Na ɗauki hoton takardar na tura miki. Lambar ƙodar nan da kike tambaya kullum sittin da ɗaya ce. Bara ma ai wajen nan take ko? Ni dai ban san kanta ba, yarinyar wajen ta ce ba laifi ga mai ciwon suga da ya haura saba'in.

To ga abin da ya sa na zauna rubutu. Azumi ya matso, Malam ya fara maganarsa. Ya ce tun da ya yi wayo bai taɓa shan azumi ba, ko lokacin da yake faskare a Kawo da tsakar rana, ba zai fara da tsufa ba. Liman ya ce masa mara lafiya an ɗauke masa. Ya ce liman ya san littafi amma bai san ƙodarsa ba, 'yarsa ce malamar asibiti, ita ta sani. Nan fa ya tsaya. Abin da kika ce shi zai yi, in kin ce ya yi ya yi, in kin ce ya sha ya sha. Ki duba takardar da kyau ki faɗa mana.

Allah ya raba lafiya.
Innarki, Harira

Birnin Kebbi
Farkon Sha'aban

Inna,

Wa'alaikumus salam. Mun wuni lafiya, ya gida, ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ni da sauƙi, ƙafa ce kawai ke kumbura, ina nan ina lallaɓa aiki. Habibu ya ce dama shi ma ya gaji da tsohuwa.

Na ga takardar. Inna, ki ɗauka ƙoda rariya ce mai tace datti daga jini. Suga yana cinye rariyar a hankali, shekara da shekaru, ba tare da ciwo ba. Lambar nan kintace ce ta yadda rariyar ke aiki. In tana sauka, ƙoda na lalacewa. Sittin da ɗaya a shekarun Baba ba abin tsoro ba ne, kuma bai sauka daga na bara ba.

Amma ba zan yanke maganar azumi da takarda ɗaya ba. Rabona da ganin Baba ya fi shekara. Ku kai shi wajen likita ya duba shi da ido, ba wajen awo kawai ba. A ɗora shi a ma'auni ki faɗa min nauyinsa. Yana cin abinci? Ƙafarsa na kumbura? Fitsarinsa na kumfa? A sake awon kafin a ga wata.

Ranar da muka yi waya ta bidiyo na gan shi fes cikin babbar rigarsa, har da hula. Ki ce masa ya yi kyau.

'Yarki, Rashida

Unguwar Dosa
Tsakiyar Sha'aban

Rashida,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya aiki? Ki rage tsayuwar nan haka, wata tara ba wasa ba ne. Jikin Babanku da sauƙi, kuma yau albishir nake tafe da shi.

An sake awon. Sittin da uku. Kin ga ta hau. Na sa Sagir ya karanta min sau biyu kar idona ne. Sannan sugan ma ya sauka, abin nan da nake huda masa yatsa da safe yanzu ƙasa-ƙasa yake nunawa, abin da rabonmu da gani tun kafin aurenki. Balaraba maƙwabciyarmu ta ce jiƙon da ta kawo ne ya yi aiki, ni kuwa na san rabinsa a bayan gida nake zubarwa, amma na bar ta da ladanta. Ƙwayarsa dai yana sha, ƙaramar farar nan ta safe da babbar. Na yi ƙosai na raba wa yaran layi sadaka.

Zancen likita, mun je. Layi tun daga ƙofa har wajen masu ayaba, Malam ya zauna ya zauna ya ce a mai da shi gida, mai likita a ɗaki ba ya kwana a layi. Ma'auni kuma ya ce shi buhun masara ne da za a ɗora shi a sikeli? Maganar fitsari kuwa, haba Rashida, ni zan bi Malam bayi ina leƙe? Abinci yana taɓawa, ya fi son koko, nama ne ya ce warinsa ke damunsa, kin san tsufa.

Kayan jariri na haɗa, akwai zannuwa da sabulun salo da yajin jego, na daka shi da kaina ban ba inji ba. Direban da Sagir ya sani zai kawo. Na biya wajen Ashiru tela na karɓo rigunan, dama na kai masa wandunan Malam ya rage musu ƙugu, karo na biyu ke nan, har yana tsokanata wai ko na daina ba shi tuwo ne. Shuɗiyar rigar ta fi kyau, in namiji ne a sa masa ita ranar suna. Bayana ne ma ke ɗan ciwo kwanan nan saboda ɗaga Malam daga tabarma, amma ba wani nauyi, man zafi na shafa.

To me kika ce kan azumin? Kullum sai ya tambaya.

Innarki

Birnin Kebbi
Jajibirin azumi

Inna,

Ina wuni, ya jikin Baba? Ki yi haƙuri, a tsaye na duba saƙonki, naƙuda ke ta yi min wasa tun shekaranjiya, ina asibiti yanzu. Na ga hoton takardar, alhamdulillahi. Na nuna wa likitan da muke aiki tare, ya ce in lambar haka take kuma sugan ya daidaita, zai iya gwadawa. Ya mai da ƙwayoyin lokacin buɗa baki, ya sha ruwa sosai da sahur. In ya ji jiri ko gumi ya karya nan take. Ku sa ni a addu'a.

Rashida

Unguwar Dosa
Goman farko na azumi

Rashida,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Baban Hajara ya kira ya ce sai da aka yi miki aiki, kuma kin zubar da jini, wayarki na hannunsa sai kin warware. To na rubuta dai, ranar da kika karɓa kya gani. Da aka ce wa Malam sunansa aka sa wa yaron, sai ya juya ya kalli bango. Ni kuwa kun ɗaure min baki, sunan da ban taɓa faɗa ba. Angona zan riƙa ce masa. Ki yi haƙuri ban zo ba, gidan ne ba mai riƙewa.

Jikin Babanku da sauƙi. Yana azuminsa, ko ɗaya bai sha ba. Sai dai wajen la'asar yakan yi gumi, rigar ta jiƙe sharkaf, hannu na rawa. Na ce Malam Rashida fa ta ce in ka ji haka ka karya. Ya ce Rashida ta ce ya yi, kuma ya ɗauka, saura ƙiris a sha ruwa zai zubar da wahalar wuni? Ranar Juma'a ya dube ni ya ce, Iya, an ɗaure akuyar? Iya fa mahaifiyarsa, wadda ta rasu tun muna Malumfashi, kuma mu ina muka ga akuya. Da aka kira salla na ɗura masa kunu ya dawo daidai, ya ce shi bai faɗi haka ba, ni ce ba na ji.

Da sahur kuma abin ba ya zama, yana sha yana dawowa. Jikinsa na ƙaiƙayi, duk ya yage bayansa da susa, na ce ko zafi ne. Ga shaƙuwa. Ƙwaya dai ban fasa ba shi ba, da dabino nake haɗa masa kamar yadda kika ce.

Ba wani abin damuwa ba ne, kar ki sa a ranki, ki ji da kanki da angona. Ki sha kunun kanwa da zafinsa. Lambarsa ai mai kyau ce, ita nake tunawa in hankalina ya tashi.

Innarki

Birnin Kebbi
Tsakiyar azumi

Inna,

Yau aka ba ni wayata. Ina gaishe ki, ni da yaro lafiya. Inna, ki karanta wannan yanzu, ki kira Yaya Sagir kafin ki gama.

Baba ya karya azumi yau, ko saura minti ɗaya a sha ruwa. Ki ce ni na ce. Kar ki sake ba shi ƙwayoyin nan, ko ɗaya. Ku kai shi babban asibiti ta ƙofar gaggawa, ba layi ba.

Na koma saƙonki na Sha'aban na karanta shi a zaune. An rage wa wandunansa ƙugu sau biyu. Ke kike ɗaga shi daga tabarma, ke da ba ki iya sauke tulu sai an kama miki. Baba da yake saɓa gungume a kafaɗa. Inna, me ya rage a jikinsa?

Ga abin da ya faru. Wajen awo ba ƙodar suke gani ba. Wani datti suke aunawa a jini, wanda tsokar jiki ke fitarwa, sai su haɗa da shekaru su fitar da lamba. Mai tsoka da yawa dattinsa da yawa. In mutum ya rame tsoka ta zube, dattin sai ya yi kaɗan, ko da rariyar ta toshe ba za a ga ya taru ba. Sai lamba ta yi kyau. Ba ƙodarsa ce ta ƙaru ba, naman jikinsa ne ya ƙare. Sugan da ya sauka shi ma ba warkewa ba ne. Ƙoda ce ke fitar da ƙwayar daga jiki, da ta kasa sai maganin ya taru yana ta jan sugan ƙasa. Gumin nan da kiran Iya, shi ne. Yana iya kwantawa a haka bai tashi ba.

Ku ce wa likita ya dube shi ba riga. Akwai wani awon jini da bai dogara da tsoka ba, sistatin ake ce masa, ba ko'ina ake yi ba, Yaya ya nuna musu sunan. A auna fitsari ma.

Ki ɗauki hotonsa da singileti ki turo min. Sau nawa na tambaye ki jikinsa, Inna?

Rashida

Unguwar Dosa
Goman ƙarshe

Rashida,

Assalamu alaikum. Ya jego, ya angona? Kin yi ta kira ban ɗauka ba, ba fushi ba ne, bakina ne ba zai iya ba, gara rubutun.

Saƙonki ya same ni ina tankaɗe. Na shiga na same shi a jingine, ido a buɗe amma ba ya ganina. Na ce Malam, Rashida ta ce ka karya. Bai amsa ba. Na jiƙa suga na shafa masa a dasashi da yatsana, da rana tsaka, cikin azumi, ina yi ina istigfari. Sagir ya zo ya ɗauke shi shi kaɗai kamar an ɗauki tabarma, ya sa a mota, ya zagaya bayan motar ya tsaya. Na ba shi lokaci, ban leƙa ba.

Likitar mace ce, ba ta kai ki ba ma a shekaru. Na miƙa mata takardun nan biyu, na ce lambarsa mai kyau ce. Ta duba, ta ajiye, ta ce a cire masa riga. Ta kama damtsensa, yatsunta suka zagaye suka haɗu. Ta ce, Mama, tun yaushe? Na ce tun bayan babbar salla yake zubewa. Ta ce wa ya ce ya yi azumi? Na ce ni ce.

An yi awon da kika ce, sai da aka aika jinin wani wuri. Lambar ta fito sha tara. Ta ce watakila kafin azumi ya kusa talatin, rashin ruwa da amai suka ƙarasa. Na ce to sittin da ukun fa? Ta ce ba ƙarya aka yi ba, lissafin na mai tsoka a jiki ne, injin bai san wanda aka ɗebi jininsa ba.

Kin ce sau nawa kika tambaye ni. To bari in faɗa miki. Ke a ina kika taɓa jin an tambayi jikin mara lafiya an ce ba sauƙi? Haka na taso na ji ana yi, haka uwata ta ce ranar da ubana ke gargara. Kuma Malam ne ya kafa min doka. Ya ce mai ciki ba a ɗora mata kaya biyu, in na faɗa miki ya rame wani abu ya same ki a hanya ko a wajen haihuwa, bai yafe ba. Ranar bidiyon nan riga biyu ya sa a ƙarƙashin babbar, ni na naɗa masa zani a ciki, na jingina shi da filo. Kina kashe waya ya zame. Na ce a raina ai takarda na zuwa miki, in da abu za ki gani a ciki, ke ce mai karatun. Ban san takardar ma sai an gaya mata ba.

Hoton da kika ce ban ɗauka ba. Ba zan iya ba, kuma ba zai yarda ba.

An ƙara masa ruwa, ya farfaɗo, ya san mutane. Abin da ya fara tambaya, azumi nawa ya sha.

Innarki

Birnin Kebbi
Daren salla

Inna,

Barka da shan ruwa, ya mai jiki? Ban rubuta don in ɗora miki ba. Ni na ce ya yi.

Na yi waya da likitar. Ta ce lambar ba ta tashi ba duk da ruwan da aka ƙara, fitsari kuma ya ja baya, ta kawo maganar wankin ƙoda. Ki lallashe shi, Inna. Akwai waɗanda ke shekaru a kai. Zancen kuɗi ku bar mana ni da Yaya. Ɗinkina bai gama kamewa ba, sun ce in bari in yi arba'in kafin in hau doguwar hanya. Ina cikawa zan taho. Ki sa masa wayar a kunne in ya farka.

Rashida

Unguwar Dosa
Bayan salla

Rashida,

Assalamu alaikum. An yi salla lafiya, Allah ya maimaita mana. Ya ɗinkin, ya yaran?

Mun dawo gida shekaranjiya. Na lallashe shi, Sagir ya durƙusa, liman ma ya zo har gadon asibiti. Malam ya ce a kai shi ya ga injin tukuna. Aka tura shi a keke har ɗakin. Ya kalli mutanen da ke kwance jininsu na zagaya roba, ya tambayi wani dattijo, kai tun yaushe? Ya ce shekara biyu. Malam ya ce ka warke? Dattijon ya yi dariya. Malam ya ce a mai da shi.

Likitar ba ta matsa ba. Ta ja ni gefe ta ce a yadda jikinsa ya ƙare, zuciyar ma ba lallai ta ɗauki wankin ba, ko an yi ba ta yi min alkawarin komai ba. Ta rubuta maganin amai da na ƙaiƙayi, ta ce in ba shi abin da ransa ke so, kaɗan-kaɗan. Na ce lambar fa, yaushe za a sake awo? Ta ce, Mama, ki bar lamba haka.

Na gaya masa kin ce ke kika ce ya yi. Ya ce in faɗa miki ki daina wannan magana, da kin ce kar ya yi ma da ya yi a ɓoye, ke dai ya fake da ke ne don liman ya ƙyale shi. Ban sani ba ko gaskiya ne ko don ki samu barci ya faɗa. Na dai isar.

Yana kwance a ɗakina, na shimfiɗa masa kusa da ƙofa saboda iska. Barci ya fi yawa. Ƙafafun sun kumbura, numfashinsa na wani irin wari. Jiya cokali uku na koko ya sha. In ya farka yakan tambaya ko mai sunansa ya iso, in ce yana hanya.

Na yi magana da Baban Hajara, ya amince ki taho. Sagir ya cire kujerar tsakiya ya sa katifa a motar, zai taso gobe bayan asuba ya ɗauko ki, zai bi a hankali. Ki ɗaure cikin da zani sosai, ki riƙe filo a kan ɗinkin wajen ramuka. Su Hajara su zauna wajen kakarsu ta can. Ruwan wankanki ni zan dafa miki a nan, itace na nan.

Kar ki jira arba'in.

Innarki, Harira